Zauren Likita: Tsufa Ne, Ko Kwalba Ce?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan maganar da ba a ɗaga murya idan za a yi ta a Sakkwato. Tun da jihar ta ƙaddamar da shari'a a 2000 giya ta bar bakin titi, sai dai ba ta bar gari ba. Ta shige ƙuryar ɗaki, ta shige leda, ta shige gorar da aka rubuta wa "magani". Duk waɗanda suka rubuto sun roƙi a sakaya sunansu, mun kuwa sakaya. Hukuncin shanta kowa ya sani, kuma fagen malamai ne. Namu shi ne abin da take yi wa ƙwaƙwalwar wanda ya manyanta, da abin da iyali za su yi tun da sauran dama.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina shekarunsa 68. Ya daɗe yana aiki a kudu, can ya koyo sha, kuma har ya yi ritaya ya dawo gida bai bari ba, a ɓoye yake yi. Da can kwalba biyu yake sha da dare, safiya ta yi ya tashi garas. Yanzu guda ɗaya sai ka gan shi yana dafa bango. Ga mantuwa, jiya sau uku yana tambayata makullin mota alhali yana hannunsa. Tsufa ne ko abin da yake sha? Daga wani ɗa, Arkilla.

Amsa: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Giya ruwan jiki take bi ta watsu. Jikin saurayi kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, a shekarun Baba kuwa ya sauko wajen kashi 50, don tsoka ta ragu kitse ya ƙaru. Zuba cokalin gishiri a ƙwaryar da ke cike da ruwa, ka zuba wani a wadda ba ta cika ba, ka ɗanɗana. Haka kwalba ɗaya take yi a jinin dattijo. Hanta ce ke ƙona ta, kuma ko ta lafiyayye giram 7 zuwa 10 kaɗai take kawarwa a awa guda, ballantana hantar da ta shekara 40 tana wannan bauta.

Bari mu yi lissafi, don mutane suna raina kwalba. Babbar kwalbar biya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5, tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa. Baƙar giyar nan mai kashi 7.5 ta haura giram 35. 'Yar ledar nan mai mililita 30 da ake cusawa a aljihu giram 9 ce da ɗoriya. Burukutu da ogogoro kuwa ba su da ma'auni, kowace tukunya da nata ƙarfi. A 2020 kwamitin masana na mujallar Lancet ya saka shan fiye da giram 168 a mako cikin abubuwan da ke jawo gigin tsufa. Raba 168 gida 24, za ka samu kwalba bakwai, wato guda kowane dare. Baba ya yi shekaru yana ninka wannan.

Ita kanta ƙwaƙwalwa tana motsewa a hankali daga wajen shekara 40, ko mutum bai taɓa shan komai ba. Giya tana yi wa wannan motsewa gaggawa, kuma akwai inda ta fi ci. Sashen goshi shi ke tsara al'amura, yana auna magana kafin ta fita, yana riƙe da kunya. Idan ya taɓu sai ka ga dattijon da aka sani da kawaici ya koma mai saurin fushi, yana ɓarin kuɗi, yana faɗar abin da bai kamata ba a gaban surukai. Can ciki akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfus, shi ne rumbun da sabon abu ke fara shiga, kuma shi ya sa makulli ya ɓata yana hannu. A ƙeya kuma akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya. Wanda tasa ta lalace yakan yi tafiya ƙafafu a wage, kamar mai tsallaka kwata, ko ranar da bai sha ba. Masu bincike na Jami'ar Oksfod a Ingila sun duba bayanan mutum 550 da aka bi tsawon shekara 30, suka fitar da sakamako a 2017: masu shan kwatankwacin kwalba biyar zuwa bakwai a mako sun ninka marasa sha sau uku wajen yiwuwar motsewar wannan rumbu.

Abu na farko, karɓi makullin motar cikin ladabi, ka riƙa kai shi inda za shi. Na biyu, kada ka kwashe kwalaben ka zubar a dare ɗaya. Karanta amsar da ke biye ka ga dalili.

Tambaya: Likita, maigidana ya haura 60, ya yi shekaru shina sha kullum. Ana jajibirin azumi ya tuba, ya rantse ya bari, munka yi murna. Kwana na biyu hannunshi na rawa, zufa na zuba. Daren na ukku ya tashi shina ihu wai ga macizai ga bango, bai gane ni ba. 'Yan'uwanshi sunka ce iska ce, anka yi ta hayaƙi da ruƙiyya kwana huɗu kahin ya lafa. Yanzu ya koma sha, ya ce in ya bari mutuwa zai yi. Mi ka kawo wanga abu? Daga wata uwargida, Mabera.

Amsa: Hajiya, Allah ya kiyaye, domin abin da kika gani yana kisa. Ku gode wa Allah da ya tashi.

Ƙwaƙwalwa tana da birki tana da totur. Giya birki take takawa. Idan mutum ya shekara da shekaru yana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan sassauta nata birkin ta ƙara totur don ta iya aiki a hakan. Ranar da aka cire giyar kwatsam, birki ya tafi, totur yana nan a danne. Abin yana da jadawalin da likitoci suka sani sarai. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, rawar hannu, zufa, tashin zuciya, bugun ƙirji da rashin barci. Tsakanin awa 12 da 48 ana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu sai babbar ta zo: ruɗewa, zazzaɓi, hawan jini, gane-ganen ƙwari da macizai, mutum bai san inda yake ba. Idan ba a yi magani ba, cikin mutum 100 da suka kai wannan mataki ana iya rasa 15 ko fiye. A asibiti adadin yana sauka ƙasa da 5. Dattijo ya fi shiga haɗari, nasa ruɗewar ya fi daɗewa, ga zuciya da ƙoda da ba su da juriyar da. Ki haɗa da azumi a zafin Sakkwato, inda ma'auni ke haura 40 a bazara, jiki ba ruwa ba suga.

Wani abin da ya kamata ki sani: duk lokacin da aka bari kwatsam aka koma, bari na gaba ya fi na baya tsanani. Saboda haka tsoron da maigida yake ji yana da tushe, sai dai maganinsa a bari a hannun likita. Ga yadda ake yi. Ku je asibiti kafin ranar da ya sa zai daina, ku faɗi gaskiyar abin da yake sha, nawa, da ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe. Mai irin tarihinsa kwantar da shi ake yi, kwana biyar zuwa bakwai. Za a ba shi maganin da ke riƙe birkin a madadin giya, irin su dayazefam, a riƙa rage shi kullum har a cire. Ga tsoho ko mai ciwon hanta an fi son lorazefam, don ba ya taruwa a jiki. Za a yi masa allurar bitamin B1, a ƙara masa ruwa, a auna suga da gishirin jini. Kada a sayo dayazefam a kemis a yi a gida. Idan ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi, kuma shi ma kama mutum yake yi.

Addu'a ba ta hana magani, a yi ta a bakin gadon asibiti. Kuma wannan gargaɗi ya shafi duk dattijo mai sha da zai shiga halin da ba zai samu ba: tafiya aikin Hajji, kwanciya don tiyata, ko zuwa jinya gidan ɗansa. Da yawa an kwantar da su don karaya ko ciwon huhu, dare na uku su birkice, likita yana ta neman dalili saboda iyali sun rufa asiri. Irin wannan rufin asiri cutarwa ne. Abin da kuka faɗa wa likita amana ce a wurinsa, ba mai kai shi zaure.

Tambaya: Kawuna ya daɗe yana sha, ba ya cin abincin kirki. Watanni uku da suka wuce ya yi amai na kwanaki, aka sa masa ruwa a gida. Tun daga nan ya canza. Za ka gaishe shi, ka fita ka dawo, ya sake gaishe ka kamar bai gan ka ba. Ka tambaye shi ina ya je yau, ya ce daga kasuwar Illela yake, har ya faɗa maka farashin raguna, alhali ko zaure bai fita ba. Amma labarin zamanin Sardauna yana ba da shi tiryan-tiryan. Mutanen gida sun ce ƙarya ta kama shi. Daga wata 'ya, Runjin Sambo.

Amsa: 'Yar'uwa, Kawu ba ƙarya yake yi ba, a daina kunyata shi. Ƙwaƙwalwarsa ta daina ajiye sabon abu, to idan aka tambaye shi sai ta ɗebo tsohon ajiya ta toshe gurbin, shi kuwa ya gaskata. Kasuwar Illelar da yake faɗa ya je ta da gaske, wataƙila shekara 20 da suka wuce. Bayaninki ya yi kama ƙwarai da ciwon da likitan Rasha Sergei Korsakoff ya bayyana a 1887, wanda yakan biyo bayan wani da Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana a 1881. Tushensu ɗaya, ƙarancin bitamin B1, wanda ake kira tayamin.

Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta iya ƙona suga sai da tayamin. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, wajen miligiram 30 ne, abin da zai ƙare cikin mako biyu zuwa uku idan ba a ci ba. Giya kuma ta tare shi ta ko'ina: ta hana mutum cin abinci, ta hana hanji tsotse ɗan wanda aka ci, ta hana hanta ajiye shi. Sai amai ya zo ya kwashe ragowar. A nan ne kuskuren da ya fi ba mu takaici yake faruwa. Aka ga mutum ya galabaita, aka kira wani ya rataya masa ruwan suga a gida ba tare da tayamin ba. Sugan nan ya cinye ɗan abin da ya rage, wasu ƙananan sassa a tsakiyar ƙwaƙwalwa suka lalace cikin kwanaki. Ƙa'idar ita ce duk mashayin da za a ƙara wa ruwan suga, a ba shi allurar tayamin kafin nan ko tare da shi.

Matakin farko, na Wernicke, yana da alamu uku: ruɗewa, tangaɗi, da matsalar ido, ko ya riƙa rawa ko mutum ya ga abu biyu-biyu. Kada a jira su cika, don waɗanda ke nuna duka ukun ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Alama ɗaya a jikin mashayin da ya rame ta isa a ruga asibiti. Maganin allura ce ta jijiya, miligiram 500 sau uku a rana na kwana biyu zuwa uku, sannan 250 kullum na wasu kwanaki, a kuma duba sinadarin maganiziyam, don in ya yi ƙasa tayamin ba ya aiki. Ƙwayar bitamin B ta kemis ba ta kai ko kusa ba, kuma hanjin mashayi ba ya tsotse ta sosai. Idan aka yi da wuri, ido yakan daidaita cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kawu ya wuce wannan mataki, amma kada ku sallama. Cikin masu irin ciwonsa, wajen kashi ɗaya bisa huɗu suna warwarewa sosai, rabi suna samun sauƙi, sauran suna zama a haka, kuma sauƙin yana iya ci gaba har shekara biyu muddin ba a koma sha ba. A kai shi a fara allurar ko yanzu, a ci gaba da ƙwayar tayamin kamar yadda likita zai rubuta. A cikin abinci, wake da gyada da hanta da ƙwai suna da shi, haka gero da dawa, sai dai yawancinsa a dusa yake. Hatsin da aka surfe fes da farar shinkafa sun rasa mafi yawa, don haka a rage surfe idan za a yi masa fura ko kunu. A gida kuma a tsayar masa da tsari ɗaya: wurin kwana ɗaya, lokacin abinci ɗaya, a rataya allo a rubuta ranar da sunan wanda ke tare da shi. In ya ce daga Illela yake, ku ce sannu da hanya, ku kawo masa ruwa. Musu ba ya dawo da abin da bai shiga rumbu ba.

Tambaya: Ni ban taɓa shan giya ba, Allah shaida. Shekarata 61, ina da suga da hawan jini. Akwai wani maganin basir da ƙarfin jiki na gora, mai ɗaci, da nake sha murfi uku da dare. Yana sa ni barci, amma kwanan baya na farka cikin zufa ban san inda nake ba, sai da aka ba ni lemo. Yarona ya ce akwai giya a ciki. Daga wani magidanci, Tambuwal.

Amsa: Alhaji, ɗauko gorar ka juya bayanta. Idan ka ga lamba da alamar % kusa da kalmar "alc" ko "vol", yaronka ya yi gaskiya. Da yawa daga cikin masu ɗacin nan ƙarfinsu kashi 30 zuwa 40 ne, daidai da ogogoro, kuma wasu jiƙe-jiƙen da ake sayarwa ba takarda a cikin ogogoron ake jiƙa saiwar. Ɗumin da kake ji a ƙirji da barcin da ke ɗaukar ka, aikin barasa ne. Barcin ma na bogi ne, yana zuwa da wuri ya watse tsakar dare, ya hana mai nauyin da ƙwaƙwalwa ke shirya ajiyarta a cikinsa.

Abin da ya same ka faɗuwar suga ce. Da dare hanta ce ke sakin suga a jini kaɗan-kaɗan. Idan ta shagala da ƙona barasa sai ta dakatar da wannan aiki, maganin suga kuwa, musamman gilibenkilamaid da allurar insulin, yana can yana ci gaba da jan suga ƙasa. Suga ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, an shiga haɗari, kuma idan ya daɗe a ƙasa sosai ƙwaƙwalwa tana samun tabon da ba ya gogewa. Mugun abin shi ne mai wannan hali kama yake da mai maye, sai a ce a bar shi ya yi barci. Maganin hawan jini kuma idan ya haɗu da barasa yana sa jiri lokacin miƙewa, a faɗi. Idan barasa ta haɗu da firiton, taramadol, kodin ko maganin barci, tana danne numfashi. Da dikulofenak, ibufurofen ko asfirin, waɗanda tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa, tana fasa gyambon ciki ya yi jini. Da farasitamol mai yawa tana cin hanta. Ka daina wannan gora, ka kai ta wurin likitan da ke duba ka, a duba basir ɗin da kansa.

Tunda an zo nan: wanda aka samu a sheme bayan sha, a kwantar da shi a gefensa, kai ya ɗan karkata ƙasa don amai ya fita. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwa, huhu za su tafi. In yana iya haɗiya da kansa a ba shi abu mai zaƙi, in ba ya farkawa a ɗauke shi zuwa asibiti. Wanda kuma ya sha haɗin gida ya wayi gari yana ganin hazo, wannan alamar gubar metanol ce, irin wadda ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Awanni ne tsakaninsa da makanta.

Tambaya: Baffana mai sha ne. Ya zame a banɗaki ya bugi goshi, ko jini bai fita ba, ya tashi abinsa. Yau mako uku ke nan, yana yawan barci, yana kukan ciwon kai, yana jan ƙafar hagu, wata rana garau wata rana a ruɗe. Mun ɗauka shan ne. Daga Gwadabawa.

Amsa: Kada ku kwana da shi a gida yau. Ka san gyadar da ta bushe a kwansonta, in ka kaɗa ka ji tana motsi? Haka ƙwaƙwalwar da ta motse take a ƙoƙon kai. Akwai siraran jijiyoyin jini da suka ratsa tsakaninta da ƙoƙon, motsewar ta ja su sun miƙe kamar tsirkiya, ɗan bugu kaɗan sai ɗaya ta tsinke. Jinin ba ya tsartuwa, tsatsafowa yake yi, shi ya sa alamu ke ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin su fito, wani lokaci an ma manta da faɗuwar. Jinin mashayi kuma ba ya saurin daskarewa, balle in yana shan asfirin. Wannan "yau garau gobe a ruɗe" da ka faɗa, halin ciwon ne.

Hoton kai na siti sikan yana nuna shi cikin mintuna. Aikin kuma yana cikin masu kyakkyawan sakamako a tiyatar ƙwaƙwalwa: huda ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai, ba su kai faɗin babban yatsa ba, a wanke tsohon jinin, a bar 'yar roba kwana ɗaya ko biyu. Da yawa suna dawowa hayyacinsu cikin kwanaki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, can za ku nufa. Ku faɗa musu yana sha, don su yi shirin abin da muka bayyana wa uwargidar Mabera.

Tambaya: Na karanta a intanet cewa ɗan kofin jan ruwan inabi kullum yana kare zuciya da ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Gawon Nama.

Amsa: Tsohon zance ne da ya sha ruwa. Binciken da suka nuna haka sun zuba waɗanda ciwo ya tilasta wa barin sha cikin rukunin "marasa sha", sai rukunin ya fito kamar ya fi rashin lafiya. Da aka tace, amfanin ya kusa ɓacewa. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na giya da za a ce ba shi da illa. Abin da ke kare ƙwaƙwalwa sananne ne: riƙe hawan jini da suga, tafiya a ƙasa, barin taba, gyara ji da gani, da zama cikin mutane.

Tambaya: Mahaifinmu ya bari wata biyu ke nan, alhamdu lillahi, amma mantuwar tana nan. Za ta tafi? Kuma ta yaya za mu gane ko irin gigin tsufan nan ne da ba ya warkewa? Daga 'ya'yansa, Bodinga.

Amsa: Madalla, Allah ya ƙara masa ƙarfin hali. Wata biyu farkon tafiya ne, kuma daidai lokacin da ya dace a gwada shi, don gwajin da aka yi wa mutum cikin makonnin farko bayan bari ba ya nuna gaskiyar ƙwaƙwalwarsa. Hoton kai yana nuna cewa wani ɓangare na motsewar yana cikowa tun a watannin farko. Natsuwa da barci sukan riga dawowa, riƙe sabon abu ya biyo baya, tsara al'amura da tafiya su ne na ƙarshe, wani sai ya shekara ko fiye. Na dattijo ya fi na saurayi jinkiri, kuma ba lallai ya cika ba.

Bambancin da za ku lura da shi a gida shi ne alkibla. Lalacewar da giya ta jawo takan tsaya ko ta yi sauƙi idan an bari. Cutar Alzaima kuwa gaba take yi ko an sha ko ba a sha ba, mutum ya fara rasa sunayen abubuwa, ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsu. Ku samu littafi ku riƙa rubutawa duk wata: yana ƙirga kuɗi daidai? Yana kawo raka'o'in salla ba ruɗewa? Ya san hanyar gida? Wannan littafi ya fi wa likita amfani fiye da "yana nan dai yadda yake". Girman abin ba kaɗan ba ne: a Faransa an duba bayanan asibiti na mutum sama da 57,000 da gigi ya kama kafin shekara 65, aka buga a 2018 cewa fiye da rabinsu suna da alaƙa da sha mai yawa.

Ku nemi a yi masa gwajin hanta, har da ciwon hanta nau'in B, da suga, ƙoda, bitamin B12 da maƙoƙo, don kowannensu yana iya kawo mantuwar da ke da magani. Hanta ta fi buƙatar sa ido. Idan ta gaza tace dattin jini, yana hawa kai: mutum ya koma barci da rana ido biyu da dare, in ya miƙa hannu ya ɗaga tafi sai ka ga yana faɗuwa kamar fiffiken tsuntsu. Taurin bayan gida ko baƙin kashi yakan tayar da shi, kuma akwai maganin sha mai suna laktulos da ke saukar da shi. A duba damuwa ma, don da yawa daga dattawan da suka fara sha da girma ritaya ce ko rasuwar mata ta tura su, kuma baƙin ciki kansa yana shigar burtu da kamannin mantuwa.

Don kada ya koma, akwai ƙwayoyin rage sha'awar sha, irin su naltirekson, da likita ke rubutawa bayan ya duba hanta. Wanda ke sa amai idan an sha, wato disulfiram, bai dace da tsoho mai ciwon zuciya ba, kuma kada a kuskura a zuba masa a abinci a ɓoye. Asibitin Tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware yana kula da masu matsalar shaye-shaye, haka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ku lura da lokacin da ya saba sha, yawanci tsakanin magariba da bayan isha'i ne. Wannan lokacin kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki: a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo shayi, jikoki su zo da allunansu ya ji musu karatu. Ranar komawa asibiti kuma ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku tafi da su tare da littafin nan.